"Tamam, mudir": yadda ake riƙe ma'aikata a Saudiyya ba tare da tsoro ya rufe musu baki ba

Akwai kalma biyu da duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata a Makka ko Madina ko Jidda ya ji har ya gaji da ji: "Tamam, mudir," wato "to, shugaba" da Larabci. A ce wa mai gyaran ɗaki ya gama ɗakuna ashirin kafin La'asar, tamam. A ce wa direban da ya shigo daga Madina da asuba ya sake juyawa bayan Azahar, tamam. Sabon shiga shugabanci yakan ɗauka an yarda da shi ke nan, ya koma ofis hankalinsa kwance. Wanda ya kwana biyu a harkar ya san sau da yawa fassarar kalmar ita ce: na ji, kuma ba ni da bakin cewa a'a. Aikin da aka amsa da irin wannan tamam ɗin, ko dai a yi shi sama-sama, ko a yi shi da jikin da zai kwanta jinya bayan mako biyu.

Hausawan ƙasar nan da dama yanzu su ne masu ba da umarni. Akwai mushrif, wato mai sa ido kan ma'aikata, a otal-otal ɗin kewayen Harami, akwai masu kula da kicin ɗin abincin alhazai, masu ofisoshin kargo a Jidda, shugabannin direbobi, da 'ya'yan tsofaffin gidajen Hausawi, 'yan ƙasa, da ke riƙe da sassa a asibitoci da kamfanoni. Duk suna jin ana ta maganar shugabancin da ke sa ma'aikaci a gaba, a kwasa-kwasai da takardun kamfani, har wasu na ɗauka sakin fuska ne da rabon dabino. Ma'aunin abin a nan ɗaya ne: shin wanda ke ƙarƙashinka zai iya tsayawa gabanka ya ce "wannan ba zai yiwu ba" ko "na yi kuskure", ya kuma kwana ba tare da fargabar igamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, ba?

Dalilin shirun

A gida Najeriya ko Nijar, wanda aka kora daga aiki ya rasa albashi. Baƙon ma'aikaci a Saudiyya, aikinsa a ɗaure yake da izinin zamansa, da inshorar lafiyarsa, sau da yawa har da ɗakin da yake kwana. Shekaru da yawa ma ba ya iya sauya wurin aiki ko fita ƙasar sai da sa hannun kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Gyaran da Ma'aikatar Kula da Ma'aikata ta fara aiwatarwa ranar 14 ga Maris, 2021 ya sassauta wannan ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu: mutum na iya komawa wani kamfani idan kwantiraginsa ya ƙare, ko bayan shekara ɗaya bisa sharuɗɗa, yana kuma iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta Absher, manhajar gwamnati ta waya. Idan aka yi wata uku a jere ba a biya shi ba, yana da hurumin komawa wani wuri ba tare da yardar mai kamfani ba. Masu aikin gida da direbobin gida ba su shiga wannan gyara ba, nasu tsarin daban ne, ta manhajar Musaned.

To amma tsoro bai san an sauya doka ba. Mutumin da ya ci bashi a Kano ko Dhaka ya biya dillalin biza, kuma yana da iyalin da ke jiran saƙon ƙarshen wata, ya ji labarin waɗanda aka kai ƙararsu cewa sun gudu daga aiki, abin da ake kira huruub. Ko shugabansa bai taɓa yi masa barazana ba, shi ya riga ya yi wa kansa. Saboda haka shugaba a nan ba daga sifili yake farawa ba, daga ƙasa da sifili yake farawa, kuma aikinsa na farko shi ne ya rage wannan tsoron da abin da ido zai gani.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. A 1911 Frederick Taylor a Amurka ya yaɗa tsarin auna kowane motsin ma'aikaci da agogo: shugaba ya yi tunani, ma'aikaci ya yi aiki. Binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago daga 1924 zuwa 1932 ya jawo hankali kan yadda mu'amala tsakanin mutane ke shafar aiki. A 1960 Douglas McGregor ya raba shugabanni gida biyu, masu ganin ɗan Adam malalaci ne sai an tsaya a kansa, da masu ganin zai ɗauki nauyi idan an ba shi dama, ya kuma nuna kowane ɓangare yakan samu irin ma'aikatan da ya zata. Amma wanda ya fi amfani ga mai riƙe da mutum goma a unguwar Misfala ta Makka shi ne Frederick Herzberg, wanda a 1959 ya bambanta abu biyu. Albashi, yanayin wurin aiki da tsaron aikin, idan suka lalace suna kawo ƙunci, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya so aikinsa. Abin da ke sa shi so shi ne a yaba masa, a ba shi nauyi, ya ga yana ci gaba. Darasin a jere yake: takardar yabo ba ta aiki a kan mutumin da albashinsa ya makara. Musulmi kuwa ya riga ya san hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Haƙƙi tukuna

Mushrif zai ce albashi ba a hannunsa yake ba, na ofishin kuɗi ne. Gaskiya ne, amma lissafin awanni a hannunsa yake, kuma a nan aka fi cin haƙƙin mutane ba tare da an ji kamar an ci ba. Sashe na 98 na dokar aiki ya ƙayyade awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan Ramadan kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Sashe na 101 ya hana a yi aiki fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa na salla da cin abinci ba. Duk awar da ta haura, sashe na 107 ya ce a biya kuɗin awar, a ƙara rabin kuɗin awa na ainihin albashi.

A ɗauki mai albashin riyal 2,400 ba tare da alawus ba. A raba da kwana 30, a sake rabawa da awa 8, awarsa riyal 10 ce, awar ƙari kuma 15. Idan yana ƙara awa biyu kullum har kwana 26, ya yi awa 52, wato riyal 780. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ke nan. Shugaban da ya ce "ku ɗan tsaya mu ƙarasa" bai rubuta ba, wannan kuɗin ya ɗauke daga aljihun mutumin, kuma mutumin ya iya lissafi ko bai yi boko ba. Gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya ba da damar a musanya awannin ƙari da hutu mai albashi, amma da sharaɗin ma'aikacin ya yarda. Yardar da aka karɓa a tsaye gaban jama'a kuwa ita ce tamam ɗin da muka fara da ita.

Sauran abubuwan a taƙaice suke, sai dai ana yawan taka su. Fasfo na mai shi ne, riƙe shi laifi ne da ake cin tara a kansa, ko da an ce ajiya ake yi masa. Kuɗin ɗauko ma'aikaci, kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi, sashe na 40 ya ɗora su a kan mai kamfani. Kwantiragi a Qiwa, manhajar ma'aikatar, ake tabbatar da shi, albashi ta banki ake biya ƙarƙashin tsarin kare albashi, inda manhajar Mudad ke nuna wanda ya biya da wanda ya makara. Shugaban da ya san ciwon kansa yakan zauna da sabon ma'aikaci a makon farko, su buɗe Qiwa a wayar ma'aikacin, su karanta albashi da alawus da ranar ƙarewa layi-layi, da yaren da mutumin ke ji. Minti ashirin ne. Amfaninsa shi ne mutumin ya gane ba a ɓoye masa komai, kuma idan abin da dillali ya faɗa masa a gida ya saɓa da abin da ke rubuce, gara rigimar ta fito yanzu da ta fito a tsakiyar aikin Hajji.

Jadawali shi ne inda ake gane shugaba

Ga wani lissafi da masu tsara dawam, wato lokutan aiki, da yawa ba sa yi. Duk kujerar da dole a samu mutum a kanta dare da rana, kamar teburin karɓar baƙi a otal ko ƙofar sito, tana cin awa 168 a mako. A raba da 48, ana buƙatar mutum uku da rabi. A sa hutun shekara, wanda kwana 21 ne kuma ya koma 30 bayan shekara biyar a jere, a sa rashin lafiya, sai a ga mutum huɗu ne mafi ƙaranci. A Ramadan, 168 a raba da 36 ya kusa biyar. Wato a watan da otal-otal ɗin Makka suka fi cika, musamman goman ƙarshe, a watan ne awannin kowane ma'aikaci Musulmi suka fi ƙanƙanta. Wanda ya shiga Ramadan da mutum uku a wannan kujera ya riga ya yanke hukuncin cewa wani zai yi aikin mutum biyu da azumi a bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Doka ta yarda a tsawaita aiki a lokutan cunkoso, amma ta sa iyaka, awa 10 a rana ko 60 a mako, kuma ƙarin na kuɗi ne. Tun Rajab ake wannan lissafin, a nemi ma'aikatan wucin gadi ko a kai wa masu kamfani adadin kuɗin awannin ƙari a rubuce. Masu kamfani sun fi jin lamba a kan "yara sun gaji".

Haka batun ɗakuna. Idan gyara ɗakin da baƙo ya tashi yana cin rabin awa, mai awa bakwai da rabi na ainihin aiki zai gama goma sha biyar, in har ba jiran lif, ba jiran zannuwa daga wanki. Ɗakin da alhazai huɗu suka yi mako suna cin abinci a ciki kuwa ba ɗaya yake da na ɗan kasuwa da ya kwana ɗaya ba. Shugaban da ya raba ɗakuna da adadi kawai ya zalunci wanda ya faɗa hawan 'yan rukuni. Gyaran mai sauƙi ne: a bi mutum biyu ko uku da agogo na kwana biyu, a san ainihin lokacin kowane irin ɗaki, a raba da minti maimakon lamba. Taylor ma da agogo ya yi aiki. Bambancin shi ne a nan da masu aikin ake zama a fitar da lambar, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu uku ke sa mutane su amince da jadawali. A fitar da shi aƙalla mako guda kafin ya fara aiki. A juya kwanan dare da ranar Juma'a da daren ashirin da bakwai a kan kowa, a liƙa jerin inda kowa zai gani. A kuma bar mutum biyu su musanya dawam tsakaninsu muddin sun sanar. Wanda ya sauka daga aikin dare ba a sa shi na safe washegari, kuma direban da ya yi tafiyar sama da kilomita 400 tsakanin Makka da Madina ba a juya shi sai ya yi barci, ko da ya rantse garau yake. Kuɗin tafiya yake hange, shi ya sa hukuncin ba nasa ba ne. Ga masu aiki a fili, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Wannan iyakar doka ce kawai. Wanda ya san zafin Makka ya san ƙarfe sha ɗaya na Yuli ma ba abin wasa ba ne, kuma sabon zuwa yana buƙatar kwanaki kafin jikinsa ya saba, don haka ba a ba shi cikakken nauyi a makon farko.

Akwai kuma hutun Hajji, wanda abin kunya ne a manta da shi a ƙasar da ake Hajjin. Ma'aikacin da ya yi shekara biyu a jere kuma bai taɓa sauke farali ba yana da hutu mai albashi na kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya a tsawon aikinsa, mai kamfani kuma shi ke tsara adadin waɗanda za su tafi kowace shekara. Ba kowa za a saki lokaci guda ba, amma jeri a rubuce, wane bana wane baɗi, yana ɗaure zuciyar mutum da wurin aiki fiye da ƙarin riyal ɗari.

Yadda mummunan labari ke hawa sama

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi wani bincike a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren magani. Sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskuren da aka rubuta. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana sun fi faɗa ne, sauran kuwa ɓoyewa suke. Daga nan ta gina bayaninta na 1999 kan kwanciyar hankalin da ke sa mutum ya yi magana a cikin rukuni ba tare da tsoron wulaƙanci ba. Toyota ta daɗe da nata salon: igiya a saman layin haɗa mota, kowane ma'aikaci na iya ja idan ya ga matsala, shugaban rukuni ya zo da sauri, idan ba a warware ba layin ya tsaya.

A mayar da wannan kicin ɗin da ke dafa wa alhazai dubu. Yaro ya lura firjin kaji ya mutu cikin dare, naman ya saki. Yana da zaɓi biyu: ya faɗa, a tambaye shi me ya sa bai duba tun da wuri ba, wataƙila a yanke masa albashi, ko ya yi shiru a dafa. Abin da zai zaɓa ya dogara ne da abin da ya ga an yi wa na ƙarshe da ya kawo irin wannan labari. Saboda haka minti ɗaya na farko bayan an kawo maka mummunan labari ya fi duk wani taron wata muhimmanci. A fara da "madalla da ka faɗa", a ceci abin da za a iya ceta, binciken yadda aka yi ya biyo baya. A kuma raba kuskure da ganganci: wanda ya manta sau ɗaya ya kawo kansa daban, wanda ya ɓoye daban. Idan hukuncinsu ya zama ɗaya, an koya wa kowa ɓoyewa. Shugaban da ya yi wata uku ba wanda ya kawo masa matsala, kada ya yi murna, labarin ne ya daina isowa.

Ba a jira mutane su zo da kansu, don ba za su zo ba. Zama na mutum ɗaya, minti goma sha biyar, sau ɗaya a mako biyu ko a wata, ya wadatar ga rukunin da bai wuce mutum goma sha biyu ba. Tambayar ita ce sirrin. "Akwai matsala?" amsarta "ma fi mushkila", wato ba matsala. A tambayi abin da ba a amsa shi da e ko a'a: me ya fi ɓata maka lokaci a makon nan? Wane kayan aiki ne ya lalace har yanzu ba a gyara ba? Da kai ne ni, me za ka fara canzawa? Sannan a ɗauki abu guda cikin abin da ya faɗa a gyara shi cikin mako, abin da ba zai yiwu ba a dawo a ce masa ba zai yiwu ba, ga dalili. Tambayar da ba gyara a bayanta, sau biyu ake amsa ta da gaskiya, na uku an koma tamam.

Harshe ma tarko ne. Rukuni ɗaya na iya haɗa ɗan Bangaladash, ɗan Pakistan, ɗan Yaman, ɗan Sudan da Bahaushe, ana magana da gutsattsarin Larabcin kasuwa. "Fahimta?" kowa zai gyaɗa kai. A ce masa ya maimaita abin da zai yi, ko ya nuna da hannu. Umarnin da ya shafi sinadarin wanki, gas ko wutar lantarki, a sa shi da hoto a bango.

Gyara da ladabtarwa

Sa ma'aikaci a gaba ba ya nufin a bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Wanda ke makara kullum, abokan aikinsa ne ke ɗaukar kayansa, kuma shugaban da ya kawar da kai don kada a ce shi mugu ne ya zalunci mutum tara don ya faranta wa ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ana yin sa a keɓe, a ranar ko washegari, a ambaci aikin da lokacinsa: ranar Litinin da Laraba ka zo bayan bakwai da rabi, wane ya tsaya maka. Sai a saurari dalili, don sau da yawa motar kamfani ce ke makara ko an sauya masa masauki zuwa nesa. Idan dattijo ne, kuma yanzu matasa masu digiri da yawa suna shugabantar sa'o'in iyayensu, to "Baba" ko "Alhaji" ko "Abu wane", wato baban wane, ba ya rage wa umarni ƙarfi. Tsawa a gaban jama'a kuwa, mutumin da ya bar ƙasarsa da girmansa zai iya yafe yankan albashi ya kasa yafe ta.

Idan abin ya kai ga hukunci, doka ta shimfiɗa hanya. Sashe na 71 ya ce sai an sanar da mutum laifinsa a rubuce, an ji ta bakinsa, an rubuta kariyarsa, in ban da ƙananan laifuka da ake iya tambaya da baki a rubuta a fayil. Tarar laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana biyar, kuma ba a tuhumar mutum da laifin da aka gano fiye da kwana 30 da suka wuce. Wanda ya tara laifukan mutum a zuciya na wata shida ya zazzage su ranar da ransa ya ɓaci, ya saɓa wa doka kuma zai sha kaye idan aka je zaman sulhu ko kotun ma'aikata.

'Yan gida

Wannan ɓangaren namu ne. Bahaushe ya zama mushrif, sai 'yan'uwa su fara zuwa: ɗan garinmu ne, a sa shi dawam ɗin safe, ƙanin matar wane ne, a ɗaga masa ƙafa. Ƙin yi kuma a ce ya samu wuri ya manta da mutane. Amma ɗan Bangaladash ɗin da ke gefe yana gani, kuma ranar da ya tabbatar ana rabon hutu da yare, ya daina kawo labari, ya fara neman nasa ubangidan. Ko hira da Hausa a gaban wanda ba ya ji, in ana dariya, yakan ɗauka da shi ake. Maganin shi ne ƙa'ida ta zama a rubuce a bango tun kafin ɗan'uwa ya zo roƙo, don a nuna masa takarda maimakon a ce masa a'a da baki. Taimakon ɗan'uwa yana da wurinsa: a koya masa aiki bayan an tashi, a nuna masa yadda ake neman lasisi ko kwas. Akwai kuma masu kifewa ɗaya gefen, su tsananta wa nasu don a ce ba sa son kai. Wannan ma son kai ne, sunansa yake karewa da fatar wani.

Babban manaja kuma ya tuna ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ma'aikaci bai san mai kamfani ba, mushrif ɗinsa ya sani. Yawanci wanda ya fi iya aiki ake ɗagawa, a ba shi mutum goma ba tare da an koya masa ko tsara jadawali ba, sai ya kwaikwayi wanda ya taɓa gallaza masa. A duba alƙaluma rukuni-rukuni: ina aka fi neman sauyi, ina aka fi kwanciya rashin lafiya, ina mutane suka fi ƙin sabunta kwantiragi. Ruwa ba ya tsami banza.

Tsarin Nitaqat na ƙayyade wa kamfanoni yawan 'yan ƙasar da za su ɗauka, wanda ya fara a 2011, da jerin sana'o'in da ake keɓe wa 'yan ƙasa, sun kawo wani yanayi mai wuya: a ce wa baƙon da ya shekara goma ya koya wa matashin Basaudiye aikin da yake zargin za a ba shi kujerarsa. Idan aka yi masa ƙarya cewa ba abin da zai faru, zai koyar da rabi ya riƙe rabi. Gara a faɗa masa abin da aka sani da lokacin da aka sani, a nemo masa wani gurbi ko a ba shi isasshen lokacin neman canjin kamfani. Shi ma matashin ba adon cika lamba ba ne, a ba shi aiki na gaske da wanda zai duba shi. Mata kuma sun ƙaru sosai a wuraren aiki, sun haura kashi 30 cikin ɗari da Burin 2030 na gwamnatin Saudiyya ya sa a gaba, kuma hutun haihuwa ya koma mako 12 daga 2025. Mai tsara jadawali ya sa wannan a lissafinsa tun da wuri, kada ya zama abin yi wa mace gori.

Wani sabon abu shi ne waya. Na'urar basma, wadda ake dangwala yatsa a kanta lokacin shiga aiki, tana rubuta mintin da mutum ya makara, amma ba ta rubuta saƙon WhatsApp na ƙarfe sha ɗayan dare da ya tashe shi. A ware abin da ake kira gaggawa, a ce kira ake yi a kansa, sauran saƙonni su jira dawam. Kuma ba a gyara wa mutum kuskure a zauren rukuni, don tsawa ce a gaban jama'a, wadda ma ba ta gogewa.

Ranar rabuwa

Waɗanda suka rage suna kallon yadda aka sallami wanda ya tafi. Kuɗin ƙarshen aiki, bisa sashe na 84, rabin albashin wata ne a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, a kan albashin ƙarshe. Mai riyal 3,000 da ya yi shekara bakwai: 1,500 sau biyar 7,500, a ƙara 3,000 sau biyu 6,000, jimla 13,500. Idan shi ya ajiye aiki, sashe na 85 ya ba shi kashi ɗaya cikin uku idan ya yi shekara biyu zuwa biyar, biyu cikin uku idan ya haura biyar bai kai goma ba, cikakke daga goma. A misalinmu 9,000 ke nan. Wannan tazarar ta 4,500 ita ke sa wasu kamfanoni su matsa wa mutum har ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa, kuma mushrif ake turawa ya yi matsin. Wanda aka ba wannan aiken ya san me ake so da shi.

Kwanakin hutun da bai ci ba ana biyan su da kuɗi. Takardar shaidar aiki haƙƙinsa ce kyauta, kuma ba a rubuta abin da zai ɓata masa suna a ciki. Idan kamfani ne ya kawo ƙarshen kwantiragi, cikin mako guda ake biyan komai, idan ma'aikacin ne, cikin mako biyu. A ba shi lissafin a takarda kwana biyu kafin ranar sa hannu, ya kai wa wanda ya amince da shi ya duba masa, kuma kada a karɓi sa hannunsa cewa ya karɓi haƙƙinsa sai kuɗin sun shiga asusunsa.